Daga notbuk zuwa manhajar intanet: ina lissafin yake gudana, kuma wa ke ɗaukar nauyinsa?

Kusan duk matashin da ya koyi harshen kwamfuta na Python a Damagaram, ko a Jami'ar André Salifou ne ko a wayarsa ta hanyar bidiyon koyarwa, ta ƙofa ɗaya ya shiga: notbuk na Jupyter, ko kuma na Colab na kamfanin Google. A ɗaya gefen, ma'aikatu da furoje-furoje sun fara raina rahoton takarda. Abin da ake so yanzu shi ne allon bayanai da shugaba zai buɗe a salularsa, ya zaɓi gunduma, ya ga alƙaluma sun sauya nan take. Da waɗannan biyun suka haɗu sai zance ya yi yawa. Wasu na cewa da layi ɗaya na umarni notbuk ke zama manhaja. Wasu na cewa duk manhajar da aka gina ta haka ba ta kai labari, gara a sake rubuta ta daga tushe. Kowane ɓangare na da hujjarsa, sai dai ba kan abu ɗaya suke magana ba.

## Mene ne notbuk, mece ce kuma manhaja

Notbuk shafi ne da ake buɗewa a burawuza, an yanka shi akwati-akwati. Wani akwatin na rubutun bayani ne, wani na umarnin kwamfuta. Idan aka kunna akwatin umarni, sakamakonsa na fitowa a ƙarƙashinsa: jadawali, zane, taswira ko lamba. Amma ba shafin ke yin lissafin ba. Akwai wani shiri daban da ke gudana a bayan fage, ana ce masa kanel. Shi ke karɓar umarni, ya aiwatar, ya maido da amsa, sannan ya riƙe duk abin da aka gaya masa a ƙwaƙwalwarsa har sai an kashe shi. A wannan riƙon ne amfanin notbuk yake, a nan ne kuma rikicinsa yake.

Manhajar intanet kuwa ba ta nuna wa mai amfani da ita umarni ko ɗaya. Maɓallai yake gani, da jerin zaɓi, da abin ja na sauya shekara ko wata. An ƙera notbuk ne domin mutum ɗaya da ke cikin bincike, wanda ya san abin da ya yi ɗazu. Manhaja ta jama'a ce: mutane da yawa a lokaci guda, ba su san yadda aka yi ta ba, kuma kowa zai danna abin da ya ga dama a jerin da ya ga dama.

## Inda aka faro

Tunanin haɗa bayani da lissafi a shafi ɗaya ya girmi Jupyter. Manhajar Mathematica ta zo da irin wannan shafi tun 1988. A 2001 Fernando Pérez, ɗan ƙasar Kolombiya da ke karatun digirin ƙoli a fannin kimiyyar fiziks a Jami'ar Colorado ta Amurka, ya fara rubuta wani shiri mai suna IPython domin sauƙaƙa aikinsa da Python. Notbuk ɗin IPython ya fito a ƙarshen 2011, kuma a 2014 aka ware shi ya zama Jupyter domin ya ɗauki wasu harsunan ban da Python, irin su R da Julia.

Da notbuk ya bazu sai wata buƙata ta taso. Mai bincike ya gama aiki, amma darakta ba zai girka Python ba, ba kuma zai karanta umarni ba. Masu harshen R sun riga sun sami mafita tun 2012 da Shiny. A ɓangaren Python, kamfanin Plotly na Kanada ya fitar da Dash a 2017, sannan a 2019 Voilà da Panel da Streamlit suka fito kusan a jere. Harkar ta yi kauri har kamfanin Snowflake ya sayi Streamlit a 2022 kan kuɗi kimanin dala miliyan 800, bayan kamfanin Hugging Face ya sayi Gradio, wani kayan aiki irin wannan, a ƙarshen 2021.

## Abin da kanel ya riƙe wanda shafi bai nuna ba

A ɗauka wata ɗaliba ce ke nazarin farashin hatsi a kasuwar Dole da kasuwannin Mirya, Magarya da Tanut, irin alƙaluman da hukumar SIMA ke tattarawa a ƙasa. A akwati na farko ta ɗauko jadawalin. A na uku ta rubuta cewa tiya ɗaya kilo 2.5 ce, domin ta mayar da farashin tiya zuwa na kilo. A na shida ta zana hoton yadda farashi ke hawa daga kaka zuwa damina. Can daga baya sai ta buɗe sabon akwati a ƙasa, ta gwada kilo 3 don ta ga bambanci, ta koma sama ta sake kunna na shida, sannan ta goge akwatin gwajin tunda ta gama da shi.

Yanzu shafin na nuna 2.5, zanen kuma da 3 aka yi shi. Babu inda aka rubuta 3, amma kanel na riƙe da shi. Alamar da ta rage ita ce ƴan lambobin da ke gefen kowane akwati, masu nuna jerin da aka kunna su: na uku na ɗauke da 3, na shida na ɗauke da 15, wanda aka goge kuma ya tafi da 14. Mai lura ne kaɗai zai ga an tsallake lamba.

Wannan ba matsalar ƴan koyo kaɗai ba ce. A 2019 João Felipe Pimentel da abokan aikinsa sun tattaro notbuk kusan miliyan 1.4 daga GitHub, shafin da masu rubuta umarnin kwamfuta ke ajiye aikinsu. Cikin waɗanda suka gwada sake kunnawa, kimanin kashi 24 cikin ɗari ne suka gudana har ƙarshe ba kuskure, kuma kimanin kashi 4 cikin ɗari ne kawai suka maido da sakamako iri ɗaya da wanda aka ajiye a cikinsu. Ba jerin kunnawa ne kaɗai sanadi ba, akwai ɓatan fayilolin bayanai da sauyin kayan aikin da notbuk ya dogara da su. Amma darasin ga mai son gina manhaja a fili yake: duk kayan aikin da ke mayar da notbuk manhaja daga sama zuwa ƙasa suke kunna shi, da sabon kanel wanda bai san komai ba. Notbuk ɗin da bai tsallake wannan gwaji ba, bai ma kai matakin a yi maganar manhaja ba.

## Hanyoyin da aka bi

Tambayar da ta raba kayan aikin nan ɗaya ce: idan mutum ya danna maɓalli, wane ɓangare na lissafin za a sake, a ina, kuma wa ke tuna abin da ya zaɓa ɗazu?

Voilà ita ce mafi kusa da alƙawarin layi ɗaya. Kamfanin QuantStack na Faransa ne ya ƙera ta. Tana ɗaukar notbuk yadda yake, ta kunna shi, ta ɓoye umarnin, ta bar zane da maɓallai. Duk wanda ya buɗe shafin kuma ana tayar masa da kanel nasa shi kaɗai. Kamar mai shayi ne da zai hura wa kowane baƙo gawayinsa da butarsa daban: shayin wani ba zai gauraya da na wani ba, amma idan mutum arba'in suka zauna, gawayi ya ƙare. A lissafi, idan kowane kanel na cin megabait 300 na ƙwaƙwalwa, mutum 40 sun cinye gigabait 12, abin da ya fi ƙarfin ƙaramar sabar haya (saba ita ce kwamfutar da ke ɗauke da manhaja tana yi wa masu shiga lissafi). Panel ma na iya kunna notbuk kai tsaye, amma tana da tata sabar da ke ɗaukar mutane da yawa cikin shiri ɗaya, don haka nauyin ya fi sauƙi, ko da yake lissafi mai nauyi na mutum ɗaya na iya tsayar da saura idan ba a tsara ba.

Streamlit ta bi wata hanya dabam, kuma a gaskiya ba notbuk take kunnawa ba. Sai an kwashe umarnin an zuba cikin fayil na Python. Dokarta mai sauƙi ce: duk lokacin da aka taɓa wani abu, a sake kunna fayil ɗin gaba ɗaya daga layin farko. Wannan ya kashe matsalar ɓoyayyen riƙo, shi ya sa ƴan koyo ke saurin kama ta. Kuɗin da ake biya shi ne maimaici. Idan ɗauko jadawali na cin daƙiƙa goma, kowace dannawa za ta ci goman nan, sai an koyi ajiye sakamako a ma'aji na wucin gadi. Idan kuma ana so manhaja ta tuna abin da mutum ya cika a shafin baya, sai an rubuta wannan da hannu. A 2024 an ƙara mata damar sake kunna wani yanki kawai, alamar cewa su ma masu ita sun san inda takalmin ke matsi.

Dash tana tilasta wa mai gini ya faɗi komai ƙarara: idan wannan jerin zaɓi ya sauya, a kira wannan aiki, a sabunta wancan zane. Rubutun ya fi yawa tun farko. Amma a tsarinta na asali saba ba ta riƙe zaɓin kowa, burawuzar mutum ce ke riƙewa, kowace dannawa kuma saƙo ne mai zaman kansa da ke zuwa ya dawo. Saboda haka tana ɗaukar jama'a da yawa ba tare da ta yi nishi ba. Matsalarta na bayyana ne idan alaƙoƙin suka kai ɗaruruwa, har mai gini ya kasa gane wane ke tayar da wane.

Shiny, wadda ta samu reshen Python a 2022, da marimo da ya shahara daga 2024, sun ɗora wa kwamfuta aikin gano alaƙar. A marimo, idan ɗalibar nan ta sauya nauyin tiya, duk akwatin da ya dogara da shi zai sake gudana da kansa, idan ta goge akwati kuma abin da ke cikinsa ya fita daga ƙwaƙwalwa. Sharaɗin shi ne ba a yarda a bai wa abu biyu suna ɗaya a akwatuna daban ba, abin da masu tsohon hannu a Jupyter kan ji ya takura su. Solara kuma ta aro tsarin React, wanda injiniyoyin shafukan intanet ke amfani da shi, inda ake gina manhaja da ƙananan sassa masu riƙe da nasu bayanin.

Akwai hanya ta ƙarshe da ta cire saba daga lissafi gaba ɗaya. Pyodide, aikin da ya faro a Mozilla, yana sa Python ya gudana a cikin burawuzar mai amfani, kuma a kansa aka gina JupyterLite a 2021. Ba hayar saba mai lissafi, ba cunkoso. Sai dai mai waya ne zai sauke Python ɗin da kansa a buɗewar farko, abin da ke haura megabait goma idan an haɗa da kayan sarrafa jadawali, kuma wayarsa ce za ta ɗauki zafin aikin.

## Inda sauƙi ke ƙarewa

Da zane ɗaya da jerin zaɓi ɗaya, duk waɗannan daidai suke, kuma awa guda ta isa. Wahala na farawa ne idan buƙatu suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. A ce idan an zaɓi Magarya, jerin kasuwanni ya nuna na Magarya kawai. A ce idan an danna wata kasuwa a taswira, jadawali ya bi. A ce wakilin Gure ya iya shigar da farashin mako, amma kada ya iya taɓa na Tanut. A ce idan mutum biyu suka gyara layi ɗaya lokaci guda, a san na wa zai tsaya.

Biyun farko aikin allo ne, kayan aikin da aka ambata na iya yin su, kowanne da irin wahalarsa. Biyun ƙarshe kuwa sun fita daga nazari sun shiga injiniyanci: rumbun bayanai na gaske, rajistar masu shiga, iyakar ikon kowa, da tarihin wanda ya sauya me. Notbuk bai zo da ko ɗaya cikinsu ba. Layin da ya fi amfani a ja shi ne tsakanin manhajar da ake kallo da wadda ake rubutawa a cikinta. Ta kallo na iya zama a kan notbuk shekara da shekaru. Ta rubutu kuwa, a fannin lafiya alal misali, akwai tsarin DHIS2 na ajiye bayanan lafiya da ake amfani da shi a Nijar, masu aikin tattara bayanai a karkara kuma na da KoboToolbox da ODK waɗanda ke aiki ko babu rezo. Sau da yawa abin da ya fi dacewa shi ne allon ya karanta daga waɗannan, ba ya yi yunƙurin maye gurbinsu ba.

## Masu suka da masu karewa

Sukar da ta fi yin amo ita ce ta Joel Grus a taron JupyterCon na 2018, inda ya tsaya gaban masu Jupyter ya zayyana dalilan da suka sa ba ya son notbuk: ɓoyayyen riƙo, wahalar gwada umarni, da koya wa sababbi mugun sabo. Masu wannan ra'ayi na ƙara da cewa fayil ɗin notbuk na cakuɗa umarni da sakamako wuri ɗaya, don haka idan mutum biyu suka gyara shi, haɗa aikinsu ciwon kai ne.

Masu karewa, irin su Jeremy Howard na fast.ai wanda ya ƙera nbdev domin rubuta cikakkun shirye-shirye daga cikin notbuk, na ganin laifin hannu ne ba na kayan aiki ba. Kamfanin Netflix ma ya bayyana a 2018 cewa yana kunna notbuk bisa jadawalin lokaci a ayyukansa na yau da kullum. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta ma'aikata: wanda ya san bayanan shi ne ya san tambayar da ta dace, kuma idan sai ya jira injiniya ya sake rubuta komai da wani harshe, yawancin ayyuka ba za su taɓa fitowa ba. Wannan hujja ta fi nauyi a wuri irin Damagaram, inda ofis ɗaya da wuya ya samu mai nazarin alƙaluma da injiniyan shafuka a tare.

Abin da ya fi yawa a aikace tsaka-tsaki ne. Ana yin bincike a notbuk. Lissafin da ya tabbata, kamar mayar da tiya zuwa kilo ko tace layukan da suka lalace, ana kwashe shi zuwa fayil na daban da za a iya gwadawa. Sai notbuk da manhaja su riƙa kiran fayil ɗin su biyun. Ta haka ko an sauya kayan aikin allo gobe, lissafin na nan.

## Kuran, rezo da forfe

An ƙera yawancin kayan nan ne a inda haɗin intanet ba ya yankewa. Voilà, Streamlit, Panel da Shiny duk suna riƙe buɗaɗɗen layi tsakanin waya da saba muddin shafin na buɗe. Idan rezo ya ɗauke na ɗan lokaci a hanyar Matamaye, shafin na iya daskarewa, idan kuma aka sake loda shi, zaɓin da aka yi da abin da aka cika na iya tafiya. Dash ta fi haƙuri da wannan tunda saƙonninta ba su dogara da juna ba. Mai gudana a burawuza kuwa, bayan saukewar farko ba ya buƙatar saba don lissafi, amma saukewar farkon daga forfe ɗin mai waya take fita, kuma ƙaramar waya na iya gazawa.

Sai maganar inda za a ajiye saba. Kwamfutar ofis na tafiya da kuran, kuma wanda ya ga yadda wuta ta kasance bayan Najeriya ta katse layin da take bai wa Nijar a watan Agustan 2023 ba ya buƙatar bayani. Wuraren ajiya na kyauta irin Streamlit Community Cloud da Hugging Face Spaces na da amfani ga ɗalibi mai son nuna aikinsa, amma suna sa manhaja barci idan an jima ba a buɗe ta ba, kuma ƙwaƙwalwar da suke bayarwa ƙayyadaddiya ce. Colab ba wurin ajiye manhaja ba ne ko kaɗan, zaman aiki ne da ke yankewa idan an bar shi. Sabar haya kuma ana biyanta wata-wata da kuɗin waje ta katin banki.

Akwai tambayar da ya kamata a yi kafin duk wannan: shin mai amfani na buƙatar ya danna wani abu? Ɗan kasuwar da ke son sanin farashin buhu a Mirya da safiyar nan, hoto ɗaya a WhatsApp ko sanarwar rediyo ta fi masa allon da zai ci minti guda kafin ya buɗe. Notbuk na iya fitar da wannan hoto kowane mako ba tare da an gina manhaja ba.

## Bayanan mutane

Fayil ɗin notbuk na ajiye sakamako tare da umarni. Idan ma'aikaci ya leƙa layuka biyar na farko na jerin marasa lafiya ko na masu karɓar tallafi don ya ga ko sun shigo daidai, sunayen nan da lambobin wayarsu sun zauna cikin fayil ɗin. Duk wanda aka tura wa, ko duk inda aka ɗora shi, sun bi shi. Haka kalmar sirrin rumbun bayanai idan an rubuta ta a akwati. A manhajar da ke gudana a burawuza abin ya fi haka: duk jadawalin da lissafi ke buƙata sai ya sauka a wayar mai kallo, ko da allo jimla kawai yake nunawa.

Wani kuskuren da ake yi shi ne buɗe Jupyter kansa ga intanet don abokan aiki su gani. Wanda ya samu shiga Jupyter ya samu ikon kunna kowane umarni a kan kwamfutar, kuma an sha kama masu kutse suna farautar irin waɗannan don haƙar kuɗin kirifto. Voilà ta toshe wannan ƙofa tun daga ƙirarta, domin ba ta karɓar sabon umarni daga mai kallo. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai, kuma ɗora sunayen jama'a a sabar da ke wata ƙasa na cikin abubuwan da irin wannan doka ta shafa.

Ga ofishin da zai ba da kwangilar allon bayanai, abin dubawa ba kyan zane ba ne a ranar nuni, lokacin da mutum ɗaya ne ke dannawa a kan kwamfutar da aka gina shi. A nemi a buɗe shi da wayoyi goma lokaci guda a kan forfe na yau da kullum. A nemi a kunna shi daga farko a wata kwamfuta dabam, da rubutaccen jerin kayan aikin da ya dogara da su da lambar kowanne, domin waɗannan kaya na sauyawa duk ƴan watanni, kuma manhajar da ba a ɗaure ta da takamaiman lamba ba na iya tsayawa ba tare da kowa ya taɓa ta ba. A kuma rubuta cikin yarjejeniya sunan wanda zai ci gaba da biyan hayar saba, da wanda zai riƙe kalmar sirri, bayan wa'adin furoje ya cika.